Abin da Ya Sa Birkin Motar Nan Ya Kama Hayaƙi a Gangaren Son-Kul

[Hoto: farar mota a gefen hanyar tsakuwa, hayaƙi na fita daga tayar gaba]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi tayar gaban nan da kyau. Abin da ke tashi ɗin nan hayaƙi ne, kuma da kuna wurin da ƙaurinsa ya riga shi isowa hancinku. Tun da muka sa wannan ɗan guntun bidiyo, masu sharhi suka rabu. Wasu suka ce ai gwanjo aka sayar wa mutumin. Wasu suka ce to ba mai jan taya huɗu ba ce, yaya za a yi dutse ya gagare ta? Wani bawan Allah kuma ya rantse cewa hannu aka sa wa motar. Malam, lafiyar motar ƙalau. Ƙafar direba ce ta ja masa.

Bari mu fara da inda abin ya faru.

[Hoto: taswira, sannan tafkin daga sama]

Nan ƙasar Kirgistan ce, a tsakiyar Asiya, lardin Narin. Tafkin sunansa Son-Kul, yana zaune a tsayin mita 3,016. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu wurin da ya kai shi tsayi a duk Najeriya, mita 2,419 ne. Wato wanda ya kwana a bakin ruwan nan ya ɗara ƙololuwar Najeriya da kusan mita 600, kuma a kwance yake. Babu bishiya, babu gidan mai, babu mai faci. Daga wajen watan Yuni zuwa Satumba makiyaya ke hawowa da dawakai da tumaki, su kafa zagayayyun bukkokin nan na gashin tumaki, sanyi na shigowa su tattara su sauka. Wanda ya san mashekarin Fulani ba zai ga baƙon abu ba.

Motar kuwa gida ce a kan taya. Ga gado, ga murhu, ga tankin ruwa, ga firji, ga batura. A Turai lasisin ƙaramar mota yana tsayawa ne a kilo 3,500, shi ya sa yawancin masu irin wannan mota ke loda ta har ta kusa wannan iyaka. Ku riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

[Hoto: motar na hawa, ƙura a bayanta, an ƙara saurin hoton]

Hawa ba zai ɗauke mu lokaci ba. A cika tanki a garin Kockor, a sayi burodi da ruwa. Idan aka bar kwalta a ɗan rage iskar taya don gargada, direbobin hanyar Agadas sun fi kowa sanin wannan, sai dai a tabbata akwai famfon mayar da ita. Sannan a kama hanyar Kalmak-Ashu, wadda ke ratsa tsauni a sama da mita 3,400. Za ku ji motar ta yi sanyin jiki. Iskar can sama ba ta da kauri, a mita 3,000 kusan kashi 70 cikin 100 ce ta wadda ke bakin teku, injin da ba shi da turbo kan rasa kusan kashi 30 na ƙarfinsa. Ku ma haka za ku ji idan kuka yi ɗan gudu. A sa ƙaramar giya, a yi haƙuri, za a isa.

[Hoto: yamma a bakin tafki, dawakai, tukunya a kan wuta]

Nan kam zan yi shiru ku more kallo.

Abu biyu zuwa uku kawai. Kada a kai mota dab da ruwa, ciyawar nan mai kyau a ido wani wurin fadama ce. A je a yi wa makiyaya sallama kafin a kafa zango, yawancinsu Musulmi ne, sallamar ma iri ɗaya ce, kuma karnukansu ba su san baƙo ba. Ruwa a nan yana tafasa ne a wajen digiri 90, saboda haka shinkafa za ta ja ku da hira kafin ta nuna. Da dare sanyi na iya daskarar da ruwa ko a tsakiyar lokacin zafinsu. Duk tsananinsa kada a shigar da garwashi cikin mota a rufe ƙofa. Mun sha jin abin da hayaƙin janareta ya yi wa iyalai a ɗaki rufe, wannan ma shi ne.

Idan suka miƙo muku kimiz, nonon goɗiya ne da aka bari ya yi tsami, kuma yana ɗan bugarwa. Ku tambayi malaminku tun kafin ku baro gida. Ni dai shayi na karɓa.

To, gari ya waye, za a sauko. A nan maganarmu take.

[Hoto: hanya mai kwana-kwana daga sama, kamar igiya a jikin dutse]

Wannan ita ce hanyar Terskey-Torpok, masu yawon buɗe ido na ce mata Aku 33 saboda yawan kwana-kwanarta. Ta kudu kuma akwai Moldo-Ashu, ita ma haka take murɗe. Direba ya leƙa ya ga gangara, zuciyarsa ta ce masa an huta, yau ba ƙona mai. Sai ya bar motar a babbar giya, ko ma ya sake ta a firi, ya ɗora ƙafa a kan birki a hankali, ya bar ta a nan. A ganinsa taka-tsantsan yake yi, tunda ba gudu yake ba.

Ga abin da bai lissafa ba. Birki aikinsa ɗaya ne: ya mayar da gudu ya zama zafi. Fad, wato takalmin birki, ya matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayya ta haifar da zafi, iska ta kwashe. A cikin gari kana takawa ka saki, ƙarfen ya samu ya huce. A gangaren dutse nauyin motar bai daina tura ta ba ko na daƙiƙa ɗaya.

Mu yi lissafi. Mota mai kilo 3,500 ta sauko mita 1,000. Ƙarfin da nauyinta ya saki a wannan saukowa, idan aka mayar da shi zafi, ya isa ya kai ruwa kusan lita 100 ga tafasa. Jarka huɗu ke nan masu lita 25. Kaɗan daga ciki na tafiya a gurzar taya da ƙasa, sauran duk sai ya nemi wurin zuwa. Idan injin ba ya riƙe motar, wurin zuwansa faya-fayan ƙarfe ne guda huɗu da ba su fi tiren shayi faɗi ba, na gaba kuma su suka fi shan wuya. Daga saman Kalmak-Ashu zuwa Kockor saukowar ma ta wuce mita 1,500. Ga shi tafiyar a hankali ce, iskar da za ta fifita ƙarfen ba ta da yawa.

[Hoto: zanen birki, faifai na sauya launi]

Daga nan abu biyu kan faru. Na farko, fad ya yi zafin da ya daina kamawa. Ka taka, ka ji birkin da tauri kamar kullum, amma motar ba ta saurare ka ba. Wannan shi ne mai hayaƙi da ƙauri, shi kuka gani a farkon bidiyon. Na biyu ya fi muni: man birki ya tafasa. Sabon man birki nau'in da ake kira DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230. Amma man birki yana shan danshin iska sannu a hankali, idan ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, zafin da yake tafasa na iya saukowa har digiri 155. Da ya tafasa sai tururi ya shiga bututu. Mai ba ya matsuwa, tururi kuwa yana matsuwa. Ka taka, birkin ya nutse har ƙasa kamar ka taka soso. Shi ne abin da muke cewa birki ya tsinke, alhali babu abin da ya tsinke, bayan an huce ma sai ya dawo kamar bai yi komai ba. Kamfanonin mota da yawa na cewa a canja man birki duk shekara 2. Ku faɗa mini gaskiya a sharhi, wa ya taɓa canjawa? Mu ƙari muka sani.

Masu cewa ai mai jan taya huɗu ce, ku matso. Jan taya huɗu yana taimakon hawa da fita daga laka. Wajen tsayawa kuwa, kowace mota da taya huɗu take taka birki, har tsohuwar tasin unguwarku. Abin da babbar motar ta fi ta da shi a gangara shi ne nauyi, nauyin kuma shi ne matsalar.

Maganin kuwa direbobin tirela da ke bin Hawan Kibo a hanyar Jos sun daɗe da saninsa, waɗanda suka yi sakaci da shi kuma mun sha ganin ƙarshensu a gefen hanyar. Giyar da za ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Kuma tun kana sama za ka sa ta, kafin hancin motar ya sunkuya, domin idan ta riga ta ɗauki gudu ƙaramar giya na iya ƙin shiga. Lamba biyu, idan gangarar ta yi tsanani lamba ɗaya. Ɗauke ƙafa daga totur, ɗauke ta daga kuloci. Yanzu tayoyi ne ke juya injin, injin na turjewa, zafin na bi ta lagireto da salansa, waɗanda dama don zafi aka yi su.

[Sauti: ƙugin injin, a bar shi daƙiƙa biyar]

Kun ji wannan kukan? Shi ke tsorata mutane su koma babbar giya. Ba ciwo ba ne. Muddin allurar da ke nuna juyin injin ba ta shiga ja ba, a bar shi ya yi ta yi. Masu tsoron shan mai kuma, a motocin zamani idan kana cikin giya ka saki totur, kwamfutar motar yanke man take yi. Wanda ya sa firi ma ya fi ka ƙona mai, tunda shi injinsa sai an ba shi abin da zai ci gaba da juyawa. Kashe injin gaba ɗaya kuwa, wannan ba tattali ba ne, ganganci ne: bayan taku biyu zuwa uku birkin zai ƙandare, sitiyari ya yi nauyin dutse.

Akwai ƙarin bayani ga masu injin dizal, kuma yawancin motocin nan dizal ne. Turjiyarsa ba ta kai ta injin fetur ba, shi ya sa manyan motoci ke da birkin salansa na musamman. Saboda haka a sauko da giya ɗaya ƙasa da yadda ake zato. Mai otomatik ya mayar da ita hannu, ko ya sa L ko 2. Wanda motarsa ke da 4L, wato ƙaramar giyar jan taya huɗu, wannan ce ranarta, ita ke ninka riƙon injin ta raba shi ga tayoyi huɗu. Maɓallin nan mai hoton mota a gangare kuwa, da birki yake aiki. Ya yi daidai da gajeren wuri mai tsanani, kada a dogara da shi kilomita goma.

Birkin fa, an daina taɓa shi ke nan? A'a. Kafin kwana, tun kana miƙe, ka taka da ɗan ƙarfi, gudu ya ragu sosai, ka saki gaba ɗaya, ka shiga kwanar. Taka, saki. Tsakanin takun nan ƙarfen ke numfashi. Idan ka ga kana takawa kusan kullum, giyarka ta yi girma.

[Hoto: komawa kan farar motar, direba na tsaye riƙe da jarka]

Ga mutuminmu. Ya ji ƙauri ya tsaya, ya yi daidai, Allah ya taimake shi akwai fili. Amma ku ga abin da ke hannunsa. Kada, Malam, kada! Ruwan sanyi a kan faifai mai zafi na iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. Birkin hannu ma a ƙyale shi, don yana iya mannewa. A kashe mota a bar ta a giya, a karkatar da taya wajen dutse, a samo dutse a yi weji. Duwatsu dai ba sa tsada a nan. A ba ta kamar rabin awa, sannan a gwada birkin a tsaye. Idan har yanzu yana nutsewa, tafiya ta ƙare sai an zuƙe iskar an sa sabon mai.

Ya ajiye jarkar, madalla. Wancan mai dokin da ya tsaya yana kallonsa bai ce komai ba, ya dai girgiza kai. Ga shi nan ya wuce, kuma da alama zai riga shi isa ƙasa.