Hasashen hunturun arewacin Shikago: yadda ake karanta taswirar, da sanyin da ba ta nuna maka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar hunturu za mu yi, amma fa ku cire hunturun Kano ko na Damagaram a ranku, wanda za ka ja bargo ka shafa basilin a leɓe ka sha shayi shi ke nan. Muna magana ne kan garuruwan da ke arewa da birnin Shikago a jihar Ilinoi ta Amurka, irin su Evanston da Skokie, har can sama Waukegan kusa da iyakar Wisconsin, inda akwai 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata da masu tuƙin haya da yawa. Duk shekara da zarar Oktoba ta raba sai ka ga an fara tura wata taswira a guruf-guruf na WhatsApp, wannan ya ce bana za a mutu da sanyi, wancan ya ce a'a bana da sauƙi, kuma duk su biyun taswira ɗaya suke kallo. To bari mu zauna mu warware ta.

Taswirar nan da kuke gani, hukumar NOAA ce ke fitar da ita, wato hukumar gwamnatin Amurka mai kula da yanayi da teku, ta wani sashenta mai hasashen yanayi na dogon zango, kuma wata uku take rufewa, Disamba, Janairu, Fabrairu. Akwai ta zafi da sanyi, akwai ta yawan abin da zai zubo daga sama. A ta farkon in ka ga yankinku da ruwan lemo ko ja, ana nufin an fi sa ran ɗumi sama da yadda aka saba, shuɗi kuma sanyi fiye da yadda aka saba. A ta biyun kore yawan zuba ne, ruwan ƙasa kuma ƙaranci. In fari ne fat, to sun ce komai na iya faruwa, ba su karkata ko'ina ba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne lambar da ke jiki. Ka ga an rubuta kashi 40, sai ka ɗauka sanyi zai ƙaru da kashi 40. Ba haka ba ne. Su sun raba abin gida uku ne, sama da yadda aka saba, daidai, da ƙasa, kowanne ya tashi da kusan kashi 33 tun kafin a yi komai. To in sun ce kashi 40 ɗan turawa kawai suka yi wa gida ɗaya, sauran kashi 60 ɗin na nan yana jiranka. Kuma wannan "yadda aka saba" ɗin lissafin shekara 30 ne, daga 1991 zuwa 2020. Wani abu kuma da ya kamata ku riƙe, taswirar ba ta faɗin inci nawa na dusar ƙanƙara zai sauka, kore ɗin nan zai iya zuwa a ruwa zalla, zai iya zuwa a dusa, ya danganta da sanyin ranar.

Me suke dubawa kafin su shafa kalolin? Babban abin shi ne ruwan tekun Fasifik ta wajen tsakiyar duniya. In ya yi ɗumi fiye da ƙima ana ce masa El Nino, in ya yi sanyi La Nina. Abin mamaki ko, ruwan da ke dubban kilomitoci daga nan shi ke karkata wata iska mai gudun tsiya da ke can sama inda jirage ke bi, ita kuma iskar ita ce hanyar da hadari ke bi. Shekarar El Nino mai ƙarfi yawanci arewacin Amurka kan samu sassauci, shekarar La Nina kuma yankin manyan tafkuna, inda Shikago take, ya fi karkata ga yawan zuba. Yawanci na ce fa, ku riƙe kalmar.

Ga misalin da nake so ya zauna muku. Hunturun 2023 zuwa 2024 El Nino ne mai ƙarfi, hasashe ya ce ɗumi, kuma ɗumin aka yi, har ya zama hunturu mafi ɗumi a tarihin ajiye lissafi na babban yankin Amurka. A ƙarshen Fabrairun 2024 mutane da 'yar riga suke yawo a Shikago, har guguwa mai juyawa aka yi a wasu garuruwan kewaye, a Fabrairu fa. Amma a tsakiyar Janairun wannan hunturun dai, an yi 'yan kwanaki da ma'auni ya gangara ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifili a Salshiyos, masu motocin lantarki suka yi cirko-cirko a wuraren caji batir ya ƙi ɗauka. To wanda ya kalli taswirar Oktoba ya ce bana ba sai na sayi jaket mai nauyi ba, hasashen bai yi masa ƙarya ba, amma ya ji a jikinsa. Matsakaicin wata uku yana haɗiye kwana uku, kuma kwana ukun nan su ne ke fasa famfo su kashe batir.

Yanzu ita dusar kanta. A lissafin da ake ɗauka a filin jirgin O'Hare, Shikago na samun kamar inci 38 a shekara, wato kusan mita ɗaya in ka tara duka. Amma ba ta san matsakaici ba, hunturun 1978 zuwa 1979 an samu kusan inci 90, kuma yadda aka kasa kwashe dusar Janairun 1979 na cikin abin da ya ci kujerar magajin gari Michael Bilandic, Jane Byrne ta kayar da shi. Tun daga nan ɗan siyasar Shikago ba ya wasa da motar kwashe dusa. A Janairun 1967 guguwa ɗaya tak ta zuba inci 23. A farkon Fabrairun 2011 an samu inci 21 da ɗoriya, ɗaruruwan motoci suka maƙale a titin bakin tafkin Mishigan, mutane suka kwana a ciki wasu suka bar motocin suka taka.

Kuma dusar iri-iri ce, wannan zai taimake ka in kana sauraron mai hasashe a talabijin. Akwai wadda ke gangarowa daga yankin Alberta na Kanada, tana zuwa da gudu, busasshiya kamar garin rogo, inci biyu uku ta wuce, da tsintsiya ma za ka iya share ta daga kan mota, sai dai abin da ke biyo bayanta sanyi ne mai shiga ƙashi. Akwai kuma wadda ke tasowa daga kudu maso yamma, wajen Kolorado ko Teksas, ta kwaso danshi daga tekun Meziko, ita ce mai nauyi mai jiƙa kamar kwaɓaɓɓen siminti, ita ke karya rassan bishiya ta tsinka wayar wuta. Irin wannan in hanyarta ta ɗan gota kilomita 50 ko 80 kawai, sai ka ga Waukegan ta nutse a dusa, kudancin birni kuma ruwa suke sha. Shi ya sa duk wanda ya turo maka hoto kwana goma kafin lokaci wai inci 15 na tafe, ka yi masa addu'a kawai ka wuce.

Sai tafkin Mishigan, wanda ke gabas da duk garuruwan nan. Tafki ne amma in ka tsaya bakinsa a Evanston ba ka hango ɗaya gaɓar, kamar teku. A farkon hunturu ruwansa bai gama hucewa ba, to in iska mai tsananin sanyi ta ratsa ta kansa sai ta kwashi tururi da ɗumi, ta yi gajimare, ta juye shi dusa a gaɓar da ta fara tararwa. Sa'ar mutanen arewacin Shikago ita ce iskar hunturu ta fi busowa daga yamma ko arewa maso yamma, saboda haka yawancin kayan jihar Indiyana da Mishigan ake kai wa. Amma ranar da iska ta juyo daga arewa maso gabas, to layi ya zo kanmu. Kuma tana zuwa ne a siririn zare, kai a Evanston ba ka ganin motar gabanka, abokinka da ke tafiyar minti ashirin yamma yana ce maka rana ma ake yi a wajensu, ka rantse ya rantse. Tafkin nan dai wani lokaci shi ke ceton na bakin ruwa, ɗuminsa ya mayar musu da dusar ruwa a watan Nuwamba ko farkon Disamba alhali na ciki suna ta shebur.

To mu zo kan sanyi, wanda ni a ganina ya fi dusar haɗari nesa ba kusa ba, don ita dusa ana ganinta. Can saman ƙuryar arewacin duniya akwai wata iska mai sanyin gaske da ke kewaya wuri ɗaya kamar an yi mata shinge, turawa na ce mata Polar Vortex. In shingen ya yi rauni sai wani ɓangare ya ɓalle ya gangaro kudu. Abin da ya faru kenan ranar 30 ga Janairun 2019, ma'auni a O'Hare ya nuna 23 ƙarƙashin sifili a Faranhait, wato kamar 31 ƙarƙashin sifili a Salshiyos ɗin da muka saba. Don ku gane, firizar da kuke daskarar da nama a gida 18 ƙarƙashin sifili take. Wato da za ka shiga firiza ranar, ɗumi za ka ji. Aika wasiƙu ma dakatar da shi aka yi, kamfanin jirgin ƙasa kuma wuta yake kunnawa a jikin mahaɗar layin dogo don kar ta daskare. Mafi munin da aka taɓa rubutawa shi ne 27 ƙarƙashin sifili a Faranhait, ranar 20 ga Janairun 1985. Irin wannan ɓallewar ba a iya hango ta tun Oktoba, sati ɗaya zuwa biyu ne ake fara ganin alamarta.

A wayarka lamba biyu za ka gani, ta ma'auni da ta yadda jiki ke ji in an haɗa da iska, kuma ta biyun ita ce taka. In ta kai wajen 28 ƙarƙashin sifili a Salshiyos, fatar da ke buɗe za ta iya daskarewa cikin rabin awa, kunne da hanci da yatsu su ne na farko. Abin ba ya zuwa da zafi sosai, wurin zai yi fari ne ya mutu murus ka daina jinsa. Shekarata ta farko na yi alwala na fito da sauri da danshi a hannu na kama ƙarfen ƙofa, wallahi sai da na ji fatar ta manne, gemuna kuma kafin in kai mota ya yi ƙanƙara. Tun ranar nake busar da jiki tsaf kafin in leƙa waje, kuma a nan ne na san daɗin sauƙin da aka yi mana na shafa a kan huffi. Ga rana gajeruwa, a farkon Disamba ƙarfe huɗu da minti ashirin an yi magariba, ka fito daga aiki duhu ya riga ka.

Saƙon hukumar yanayi in ya shigo, in ka ga Watch ana nufin abin na iya zuwa, ka fara shiri. In ka ga Warning to ya iso ko yana bakin ƙofa. Ofishinsu mai kula da yankin yana Romeoville, kuma hasashensu na kwana bakwai shi ne abin da za ka riƙa dubawa kullum da safe, taswirar Oktoba ka kalle ta sau ɗaya ka ajiye.

Shiri kuma ba wani abu mai tsada ba ne. Kaya hawa-hawa sun fi ƙatuwar riga guda ɗaya, hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai tudun ƙasa wanda ruwa ba ya shiga. Daren da sanyi ya tsananta ka bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan ka buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarƙashin sinki ɗumi ya shiga. Gishirin da ake watsawa a titi in an gangara ƙasa da kamar 9 ƙarƙashin sifili a Salshiyos ƙarfinsa raguwa yake, don haka ganin titi baƙi ba ya nufin babu santsi, gada kuma ita ke fara daskarewa. Sannan don Allah, wannan da babbar murya nake faɗa saboda mun saba da shi a gida, kar a shigo da gawayi ko kurfoti ɗaki don jin ɗumi, kar a tada janareto a gareji. Gidajen nan a toshe suke ruf, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da kala, barci kawai mutum zai ji. Dokar Ilinoi ma ta wajabta na'urar da ke ƙara in ta shaƙi wannan iskar, ka danna taka ka ji ko batirinta na da rai. In za ka ɗuma mota ka fara duba salansa ko dusa ta toshe ta.

Masu mota, kowane gari da dokar fakin ɗinsa ta lokacin dusa, ta Evanston daban ta Skokie daban, a cikin Shikago kuma daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu akwai manyan titunan da ba a kwana a kansu daga ƙarfe uku zuwa bakwai na safe, ko da ƙwayar dusa ɗaya ba ta sauka ba, janwe zai zo ya ɗauke motar. Ka karanta allon da ke kan layinku tun yanzu.

Shebur kuma a bi shi a hankali, musamman iyayenmu da masu hawan jini, duk shekara jiƙaƙƙiyar dusar nan na kai mutane asibiti da ciwon zuciya. Ka tura ta turawa maimakon ɗagawa, ka fita sau biyu ko uku tana cikin zuba kar ka jira ta taru. Kuma kar ka yi saurin ajiye shebur ɗin, don kana gama share ƙofar gida ka shiga ka ɗora ruwan shayi, za ka ji ƙarar motar kwashe dusa ta taho, ta turo maka ta titi gaba ɗaya ta jibge a bakin hanyarka ta wuce abinta. Wannan tudun ka kwashe shi tun yana da laushi, in ya kwana sai da diga. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a gaida mutan gida.