Baƙin Kaboyi a Duwatsun Vasquez

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙugin iskar nan, makirfon nawa ba ya jure ta. Yau na baro Los Anjalas na yi arewa, ga ni a Duwatsun Vasquez. Ku duba bayana, kun ga yadda suka karkace kamar za su kifa? An ɗauki finafinai da yawa a nan, har da wanda ya kawo ni: Blazing Saddles, na Mel Brooks, 1974.

Mu da muka taso muna kallon fim ɗin kaboyi a Kano, mun san tsarin. Akta Bature ne, bos ma Bature, doki ne kawai ake samu baƙi. Sai da na zo Amurka na ji masana tarihi suna ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowane kaboyi huɗu baƙar fata ne. To ina suka shiga a silima?

Shi wannan fim na barkwanci sai ya ɗauko baƙi, Cleavon Little, ya maƙala masa tauraron sharif, wato babban ɗan sandan gari, ya tura shi garin Rock Ridge inda kowa sunansa Johnson. Akwai wurin da nake maimaitawa har yau. Ya shigo gari a kan doki, an shirya masa tarba da kiɗa, suna ganin fuskarsa kowa ya zaro bindiga. Shi kuwa ya ɗora tasa bindigar a wuyansa, ya sauya murya, wai ya yi garkuwa da kansa. Kuma suka yarda! Wallahi ranar da na fara gani sai da shayi ya sarƙe ni. Zagin launin fata a fim ɗin ba kaɗan ba ne, ba zan ce ku kalla da yara ba, amma duk wanda ya furta shi, shi ne ake mayarwa wawa.

Richard Pryor, baƙar fata ɗan wasan barkwanci, na cikin marubutan, kuma Pryor ɗin ne Brooks ya so ya hau kan dokin. Kamfanin fim na Warner Bros suka ƙi, suna tsoron shaye-shayensa. Ya rubuta dariyar, wani ya sa hular.

Inda ban bi su ba shi ne wajen 'yan asalin ƙasar. Brooks da kansa ya shafa fenti ya fito a sarkinsu, yana Yidishanci, harshen Yahudawan Turai. Na gane, yana tsokanar al'adar Holiwud ta shafa wa Turawa ja ne. Amma dai ko a nan ɗin, mai abin bai samu bakin magana ba.

Kai, rana ta fara cizo, ruwana ma ya ƙare. Bari in hau dutsen can in nuna muku kwarin daga sama, in takalman nan sun yarda.