Ƙura, Ba Tsatsa Ba: Lacca Kan Haɗa Ƙaramin Samfurin Motar Soja

Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Wannan 'yar motar da ke kan tebur, don Allah kada kowa ya ɗaga ta tukuna, madubinta ko numfashi mai ƙarfi ba ya so. Tsawonta bai cika santimita 20 ba. Uwarta kuwa, ta gaskiyar, ta kusa mita 7. Sunanta GMC CCKW, babbar motar kaya ta sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, mai ɗaukar tan biyu da rabi ko da a hanyar da ba hanya ba. Tsakanin 1941 da 1945 an ƙera sama da 560,000. Sikelin da na yi aiki da shi 1/35 ne, wato kowane santimita ɗaya a nan santimita 35 ne a can. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa, don shi ne alƙalin aikin gaba ɗaya.

Duk wanda ya kawo mini samfurinsa in duba, tambaya ɗaya nake fara yi masa: wannan motar a ina take, kuma a wane wata? Yawanci sai mutum ya yi shiru. Ya ce ai motar yaƙi ce kawai. To babu wata aba wai ita motar yaƙi kawai. Akwai mota kaza, a wuri kaza, a damina ko a rani. In ba ka yanke wannan ba kafin ka buɗe kwalbar gam, a ƙarshe za ka tara mata ƙurar hamada da taɓon Turai da tsatsar bola a jiki ɗaya.

Tawa ga inda take. Faransa, watan Satumba na 1944. Bayan sojojin ƙawance sun ɓalle daga Normandi, gaɓar tekun arewacin Faransa inda suka sauka, sai suka yi gaba da gudun da ya wuce tsammanin masu tsara musu kaya. Layukan dogo kuwa su da kansu suka ragargaza su da bama-bamai kafin su sauka. Fetur da harsashi da abinci na jibge a bakin teku da tashar jiragen ruwa ta Sherbur, masu buƙata suna can ɗaruruwan kilomita. Sai aka buɗe jigilar da ake kira Red Ball Express, daga 25 ga Agusta zuwa 16 ga Nuwamba, 1944. A ganiyarta motoci kusan 6,000 ne ke kai da kawo, hanyar zuwa daban, ta dawowa daban. Kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fata ne 'yan Amurka, domin a lokacin rundunar a rarrabe take bisa launin fata, kuma aikin jigila aka fi tura su. Doka ta ce kada a wuce mil 25 a awa. Doka ta faɗi nata, direbobi suka yi nasu.

Me wannan labari ya gaya wa mai burushi? Motar yarinya ce, shekara ɗaya ko biyu da barin masana'anta. Amma ba ta hutawa dare da rana. Saboda haka abin da ke jikinta ƙura ce, da tabon fetur, da taya da ta ci ƙasa. Ba tsatsa ba. Tsatsa ta motar da aka yasar shekara talatin a bayan gareji ce.

Kafin mu bar tarihi, akwai bambance-bambancen da hoto kaɗai ke nuna maka. Motocin farko-farko kansu, wato ɗakin direba, rufaffe ne na ƙarfe, daga baya aka koma buɗaɗɗen kai mai rufin tamfol. Bodin baya da ƙarfe aka fara, da ƙarfe ya yi wuya aka koma katako. Akwai doguwa mai lamba 353, akwai gajeriya 352. Nemi hoton gaske guda biyu ko uku na lokacin da ka zaɓa, ka kafa su a gabanka. Gani ya kori ji.

To, haɗawa. A nan ba zan daɗe ba sai a wuri ɗaya. Sassan na zuwa ne manne a jikin firam na filastik. Kada ka murɗe su da hannu, yanke su da ɗan almakashi mai kaifi, ka kankare layin da mazubi ya bari da bakin reza, ka bi da samfefa mai laushi. Gam ɗin wannan aiki ba manna abu yake yi ba, narkar da filastik ɗin yake yi ya haɗe su su zama ɗaya. Don haka ɗigo kaɗan ya isa, kuma in ya taɓa yatsanka ka taɓa bodi, ka buga wa motar tambarin yatsa na har abada.

Wurin da zan daɗe shi ne shasi. Motar nan aksil uku gare ta, ɗaya gaba biyu baya, na bayan kuma taya bibbiyu kowane gefe. Taya goma ke nan a ƙasa, kuma dole goman su taɓa ƙasa. Shasin kamar tsani yake, dogayen ƙarafa biyu da 'yan gajeru a tsakani. In ya karkace da rabin milimita a tsakiya, a can ƙarshe taya za ta rataye a iska. Ni ya same ni a motata ta farko. Na gama fenti, na gama komai, na ajiye ta, sai ga tayar gaba ta dama ta ɗaga kamar karen da ya taka ƙaya. Ba gyara sai ɓarkewa. Tun daga nan a kan faifan gilashi nake haɗa shasi, in sa sifirin da aksil, in zura tayoyin ba gam, in danna a hankali tun gam bai bushe ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ɗora ɗan nauyi, in bar shi ya kwana.

Sauran kuma kada ka haɗe su duka. Shasi daban, kai daban, bodi daban, tayoyi daban, sai bayan fenti. Cikin kai ka fente shi tun yana buɗe, burushi ba ya lanƙwasa ya shiga bayan sitiyari. Gilashi a ƙarshe, da farin gam na ruwa. Gam mai kamawa nan take hayaƙinsa na sa gilashi ya yi hazo.

Fenti. A wanke sassan da ruwan sabulu, a busar, a fesa shimfiɗar farko mai ruwan toka ko baƙa. Ita ke sa fenti ya kama, ita kuma ke tona asirin duk ramin da ka bari. Launin motar shi ne wanda suke kira olif dirab, kore ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Masu wannan sana'a sun shekara da shekaru suna musu kan wane ne na ainihi, har abota ta ɓaci. Ni dai ba na shiga. Rana ta ci wani, ƙura ta rufe wani, fentin wannan masana'anta bai zo daidai da na waccan ba. Abin da na damu da shi: ƙaramin abu ya fi babba duhu a ido. In ka shafa launin yadda ya fito daga kwalba, motar za ta zama dunƙulen baƙi. Sai ka ɗan sassauta shi da rawaya mai duhu, ba da fari ba, fari na kashe shi ya koma toka. Saman bonet da kafaɗun madigadi su fi haske, ƙasa ya fi duhu. A tsinka fenti sosai, shafa uku siriri sun fi ɗaya mai kauri.

Kurakurai biyu da nake yawan gani. Mutum ya ji an ce bodin katako ne sai ya fente shi ruwan katako. A'a, soja ba ya barin katako tsirara, shi ma koren aka shafe shi da shi, sai inda kaya suka goge ne itacen ke leƙowa. Na biyu, taya baƙa wuluk. Fita ka dubi tayar kowace mota mai aiki, toka-toka ce mai duhu.

Tambura kuwa, wato farin tauraro da lambobi, a jikin siririyar takarda suke da ake jiƙawa a ruwa. In ka ɗora su kan fenti mara sheƙi, iska na maƙalewa a ƙasa, gefensu ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Shafa ruwan sheƙi tukuna, ɗora, matse da auduga, sannan ka rufe da mara sheƙi. Kuma a lura, lambar rajista da ke gefen bonet a 1944 daga masana'anta shuɗiya ce mai dishi-dishi, fara sai a 1945 ta zama ƙa'ida. Lambobin runduna na kan bamba su ne farare.

Yanzu ga inda ake cin jarrabawa ko a faɗi, tsufar da mota. Ku dawo da lissafinmu. Ɗigon ƙwarzane na milimita ɗaya a nan, a can santimita uku da rabi ne. In ka yi na milimita uku, ka ɓantare fenti kusan faɗin tafin hannu. Ka yi irinsa hamsin a ƙofa ɗaya, ka ce mini wane sajan ne zai bar motarsa haka? Garin neman gira ake rasa ido. Ƙwarzane yana inda hannu da takalmi da kaya ke taɓawa: matakin shiga, bakin ƙofar bodi, inda ake jan jarka, bamba. Nan ma ɗan fensir da ka goga a kaifin ƙarfe ya wadatar.

Sai ruwan duhu, fenti ne da aka tsinka da tina, wato ruwan tsinka fenti, har ya zama kamar ruwan wanki, ana ɗiga shi a gindin kusoshi da tsagin katako don su fito. Ɗigawa na ce, ba wanka ba.

Ƙura ita ce sarauniyar wannan motar, kuma tana da hanyarta. Daga taya take tasowa, don haka ta fi yawa a ƙasa da baya, tana raguwa in ana hawa. Tana kwanciya a lungu, ba ta zama inda gwiwar direba ke gogewa. Ina amfani da garin launi mai haske, in jiƙa da tina, in bar shi ya bushe, in share rabi. A taya ƙurar cikin tsagi take, saman da ke taka ƙasa a goge yake. Mutane da yawa suna yin akasin haka. A gilashin gaba na yanka 'yar takarda mai siffar inda abin share gilashi ke bi, na manna, na fesa ƙura sama-sama, na ɓare. Kusa da bakin tanki ɗigo biyu masu ɗan sheƙi, fetur ya zuba. Tsatsa kuwa wuri ɗaya na yarda da ita, salansa, don zafi na cinye fentinta cikin kwanaki.

Na'am, Malam, ka ɗaga hannu. Ya ce ko dole sai da na'urar fesa fenti. A'a, ranka ya daɗe. Tana sauƙaƙa ƙura da sassauta launi, amma faffaɗan burushi mai laushi da fenti tsinkakke za su kai ka. Za ka fi ni daɗewa ne kawai.

Kayan da ke bayanta jarkoki ne masu cin lita 20, ƙirar da aka kwaikwayo daga Jamusawa. Ɗaya bayan ɗaya na fente su, babu biyu da launinsu ya zo daidai, don ba rana ɗaya aka yi su ba. Igiyar da ta ɗaure su zaren ɗinki ne da na ja a kakin zuma don gashinsa ya kwanta, in ba haka ba a 1/35 sai ya zama kamar igiyar ɗaure jirgin ruwa.

To yanzu za a zagaya da ita. A riƙe katakon da take kai, ba ita ba. Akwai jarka ɗaya da na manna bakinta yana kallon ƙasa, ban lura ba sai da gam ya bushe. Wanda ya fara gano ta ya faɗa mana. Bismillah, a fara daga wannan layin.