Ƙwaron Japan: Wata Goma a Ƙarƙashin Ƙasa

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ni da Malam Habu za mu tattauna kan wani ƙwaro da ya addabi manoman Amurka, ana kiransa ƙwaron Japan. Malam, barka da zuwa.

Habu: Barka kadai, Malama Binta.

Binta: Sunansa dai na Japan, amma kukansa daga Amurka muke ji. Ya aka yi haka?

Habu: Ai a gida bai cika ɓarna ba, akwai ƙwarin da ke kashe shi. A 1916 aka fara ganinsa a wata gonar renon shuka kusa da Riverton a jihar New Jersey, ana zaton tsutsarsa ce ta shigo cikin ƙasar da ke jikin saiwar furanni. Da ya samu wuri babu mai taka masa birki, sai ya bazu. A 2014 ya ɓulla a arewacin Italiya, a 2017 ya shiga Switzerland.

Binta: To in na gan shi, da me zan gane shi?

Habu: Tsawonsa kamar santimita ɗaya. Kansa da ƙirjinsa kore shar, mai sheƙi, fukafukansa kuma launin tagulla. Amma kar launi ya ruɗe ki, akwai masu kama da shi. Ki duba gefen cikinsa. Za ki ga tukkun farin gashi biyar a kowane ɓangare, ga wasu biyu a gindinsa.

Binta: Sha biyu ke nan.

Habu: Sha biyu cif. Sannan ki dubi ganyen da ya ci. Yana cinye naman ganyen ne ya bar jijiyoyin, ya koma kamar rariya. Inabi, waken soya, gashin masara, tsirrai sama da 300 yake ci, kuma a taru suke ci, daga saman shuka su yo ƙasa.

Binta: Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe wanda ake gani ɗin bai wuce kwana 30 zuwa 45 a duniya.

Habu: Nan ne maganar take, Malama. Macen tana haƙa ƙasa mai laima, musamman inda ciyawa take, ta saka ƙwai, jimilla 40 zuwa 60. Cikin mako biyu su ƙyanƙyashe. Tsutsar fara ce, a lanƙwashe, irin gwazarmar da muke gani a juji, sai dai ƙarama. Ita saiwar ciyawa take ci. Har sai ka ga fili ya bushe, ka kama ciyawar ta ɗago gaba ɗaya, babu abin da ya riƙe ta.

Binta: Sanyin can fa, bai kashe ta?

Habu: Nutsewa take ƙara yi cikin ƙasa ta yi lamo. In gari ya fara ɗumi ta hauro ta ci gaba da ci, sannan ta rikiɗa, a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli ƙwaro ya fito. Kusan wata goma ke nan a ɓoye. Abin da ke kashe ta sosai fari ne, wato rashin ruwa, domin ƙwan bai jure busasshiyar ƙasa. Shi ya sa filin da ake ta ban ruwa a lokacin saka ƙwai ya fi tara su.

Binta: Na ji ana sayar da tarko mai ƙamshi.

Habu: Ni ban yarda da shi kusa da shuka ba, don yana jawo fiye da wanda yake kamawa. Mai ƙaramin lambu ya fita da sassafe, kafin jikinsu ya saki, ya kakkaɓe su cikin bokitin ruwan sabulu.

Binta: Malam, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.