Me Yaran Suka Yi wa Allah? Hirar Lahadi Daga Agege

Salamunku jama'a, barkanmu da Lahadi. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, na maƙwabcinmu ne, tun daren jiya ba mu ga wuta ba a layinmu. Na yi muku alkawarin yau zan nuna yadda nake yanka doguwar riga, amma wallahi hannuna ba zai riƙe almakashi ba. Daga coci nake, ko ɗankwali ban kwance ba, ga ganyen da aka raba mana na Lahadin Dabino yana hannuna. A nan Legas ganyen kwakwar manja suke ba mu, ba na dabino ba. Raina a ɓace yake, bari in zauna in faɗa muku dalili.

Kun ji abin da ya faru ran Litinin, 27 ga Maris 2023, a birnin Nashbil na jihar Tenesi a Amurka. An shiga wata makarantar firamare mai suna Covenant da bindigogi, aka harbe ƙofar gilashi aka wuce ciki. Mutum shida suka rasu: yara uku 'yan shekara tara tara, da manya uku, ciki har da shugabar makarantar da mai kula da tsabtar wurin. Wanda ya yi harbin ɗan shekara 28 ne, kuma a makarantar ya yi karatu yana ƙarami. 'Yan sanda sun harbe shi a nan cikin ginin.

Autata shekararta tara. Ran Talata da yamma ina kan keken ɗinki, ta ɗauki wayata tana duba Facebook, ban lura ba. Can na ji ta yi shiru, irin shirun da uwa ba ta so. Na juya, na ga ta ƙura wa hotunan yaran ido, biredi a ɗaya hannun ta manta da shi. Ta ce, "Mama, me suka yi wa Allah?" Bakina ya mutu. Na karɓe wayar na ce ta je ta yi wanka.

To yau bayan an tashi sujada, muna tsaye a waje ana gaisawa, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ɗauko maganar. Ya ce ai Amurkawa sun kori Allah daga makarantunsu, ga sakamakon nan suna girba. Mutane na ta gyaɗa kai. Na rusuna na ce, "Baba, a gafarce ni, makarantar ta coci ce fa, a harabar coci take. 'Yar fastonsu ma tana cikin yaran da suka mutu." Sai ya ce, "To 'yata, Allah ya san abin da suka ɓoye." Wannan maganar ce ta ƙona ni. A gidanmu ba a ja da babba a gaban jama'a, don haka na haɗiye, na hau keke na dawo, ɗari uku suka caje ni don ɗan wannan tazarar, kuma sai da na biya mai POS kafin in samu tsabar kuɗin. Duk hanya maganar tana cina.

Ai Ubangiji Yesu ya riga ya amsa wannan. Ku buɗe Luka sura 13. An kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Shi da kansa ya ƙara da mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu. Ya tambaye su, kuna tsammani waɗannan sun fi sauran mutane zunubi ne? Ya ce a'a. Sai ya juya yatsan kan masu tambayar, ya ce su tuba. Mu kuma kullum so muke mu miƙa yatsan can nesa, kan mamaci ko iyayensa, don hankalinmu ya kwanta cewa mu ba za ta same mu ba.

Kuma mu 'yan Arewa ne za mu yi irin wannan magana? Mu? Ran 25 ga Fabrairun 2014 aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi a Yobe cikin dare, aka kashe yara maza 59, aka cinna wa ɗakunan kwanansu wuta. Wa ya kori Allah daga Buni Yadi? Yaran da suke tashi sallar asuba, da waɗanda suke durƙusawa su yi addu'a kafin barci? Ko wata biyu ba a yi ba aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. A 2018 aka je Dapchi, har yau Leah Sharibu ba ta dawo gida ba. A 2021 aka kwashe yara sama da ɗari a makarantar Bethel Baptist kusa da Kaduna, makarantar da ake buɗe kowace safiya da waƙar yabo. Baba dattijo ya san duk wannan, na tabbata ya yi azumi a kai. Da wani ya tsaya a gabansa lokacin ya ce Allah ya san abin da iyayen suka ɓoye, da bai ƙyale shi ba.

Abin yana tuna min da mai gidan da muke haya. Matar kirki ce, amma duk sanda aka yi wani abu a Arewa sai ta leƙo shagona ta ce, ku Hausawa me yake damunku ne? Shekara biyu ta yi kafin ta yarda ni Kirista ce, wai ba ta taɓa ganin Bahaushiya da Littafi Mai Tsarki ba. Na ce mata Mama, ni 'yar Wusasa ce. Cocinmu na Bartalamawas mai tsarki da jar ƙasa aka gina shi, ginin Hausa, tun kafin a haifi iyayena. A garinmu Janar Gowon ya tashi. Kakata da Hausa ta haddace Zabura. Kai, in na tuna sanyin cikin cocin nan da rana tsaka, da ƙamshin ƙasa in an yayyafa ruwa, sai in ji kamar in tattara kekena in hau motar dare. Shekarata goma sha ɗaya a Legas, hayar ɗaki biyu ta kai dubu ɗari huɗu, ban saba da wannan gumin ba har yau. Da aka kai hari cocin Katolika na Owo, can ƙasar Yarbawa, a watan Yunin 2022, ita da kanta ta zo ta zauna a bencin nan, ba ta ce komai ba, muka yi kuka tare.

Bari in koma kan zunubi, don shi ne abin da dattijon nan ya riƙe ta wutsiya. Kakata ta koya mana cewa gawa ta farko a Littafi Mai Tsarki, wa ne ya kashe ƙaninsa. Kayinu da Habila. Kuma daga ina suka fito? Daga wurin miƙa baiko. Babu bindiga a lokacin, babu intanet, babu gwamnatin da ta hana addu'a. Kafin ya aikata, Allah ya gargaɗe shi cewa zunubi yana fako a bakin ƙofarsa. A Markus sura 7 Yesu ya ce daga ciki, daga zuciyar mutum, kisankai yake fitowa. Zuciyar Ba'amurke da ta Bahaushe da ta Bayarabe, duk ƙira ɗaya ce.

Kada wani ya ce na wanke bindiga. Wanda ya yi harbin Nashbil a kanti ya sayi bindigoginsa, bisa doka. A watan Mayun 2022 ma a Ubalde ta jihar Tekzas, yaro ɗan shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai biyu. Mai fushi da sanda a hannu daban, mai fushi da bindigar yaƙi daban. Ni saboda na gaskata mutum mai zunubi ne shi ya sa ban yarda a sa irin wannan makami a hannun kowa ba, har da nawa.

Na ce har da nawa don na san abin da ya taɓa fita daga bakina. Daren da labarin Buni Yadi ya iso, wannan autar tawa jaririya ce. Ina zaune bakin katifa ina ba ta nono, fitilar caji tana neman mutuwa, na buɗe baki na roƙi Allah ya kashe 'ya'yan waɗanda suka yi haka, ɗaya bayan ɗaya, a gaban idonsu. Da sunan Yesu na rufe addu'ar. Yarinya tana tsotso, ni ina roƙon jinin 'ya'yan wasu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wata uku na yi ban iya zuwa gaba karɓar Jibin Ubangiji ba. A daren na gane abin da yake fako a ƙofar Kayinu ya san hanyar ɗakina.

Shi ya sa labarin mutanen Amish yake girgiza ni. Kiristoci ne manoma a jihar Fensilbeniya, masu tafiya a keken doki. A watan Oktoban 2006 wani mai ɗaukar madara ya shiga makarantarsu mai aji ɗaya, ya harbi 'yan mata goma, biyar suka mutu, ya kashe kansa. A ranar wasu daga cikinsu suka je yi wa iyalinsa ta'aziyya. Da za a binne shi, suka halarta. Suka rushe makarantar, suka gina wata, suka sa mata suna Sabon Bege. Ni ban kai nan ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Kuma gafara ba ta hana hukuma aikinta, Romawa 13 ta ce ba a banza mai mulki yake riƙe da takobi ba. Amma na ga abin da nake roƙon Allah ya yi da zuciyata.

Begen da nake magana ba irin wanda ake tallarsa a danfo, motar haya ta Legas, ba ne. Shekaranjiya daga Oshodi wani mai wa'azi ya miƙe yana sayar da man shafewa, ƙaramar kwalba dubu ɗaya, wai ka shafa wa yaro a goshi harsashi ba zai gan shi ba. Ina gargaɗinku, kada ku saya. Ranar da abu ya faru, uwar za ta ɗauka ita ce ba ta shafa da kyau ba, ko bangaskiyarta ce ta kasa. Faston Nashbil bai yi wa 'yarsa addu'a ba ne? Littafi bai ɓoye mana ba: lokacin haihuwar Yesu kansa Hirudus ya sa aka karkashe jarirai a Baitalami, aka ji Rahila tana kuka ta ƙi ta'azantu. Yesu ya tsaya a kabarin Li'azaru ya zub da hawaye, alhali ya san zai tashe shi. Juma'ar nan mai zuwa za mu tuna cewa Allah da kansa ya san mene ne a kashe maka ɗa marar laifi. Lahadi kuma kabari babu kowa. A nan begena ya tsaya. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, ya ce dai kada ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Yaran nan uku za su tashi da jikinsu. Jinin da aka zubar kuma ba a share lissafinsa ba, akwai Mai Shari'a.

Don Allah in kun je gaisuwar mutuwar yaro, ku rage baki. Kada ku yi saurin cewa nufin Allah ne, kada ku nemo dalili. Ku kai abinci, ku wanke kwanuka, ku zauna. Kada kuma ku bar waya a hannun yara yadda na yi. Ku je makarantar 'ya'yanku ku duba da idonku. Tamu dubu arba'in da biyar muke biya duk zango, amma ran Alhamis na tarar da ƙofar baya a buɗe an tokare ta da dutse, maigadi ya tafi sayen kati. Na yi magana, kuma zan sake yi. Yaron da ya cika shiru a gida ko a ajin Lahadi, wanda kowa yake tsokana, ku jawo shi jiki, ku tambaye shi me yake ci masa rai.

Daren jiya na kira autata na zaunar da ita a cinyata, duk da ta yi nauyi. Na ce mata yaran ba su yi wa Allah kome ba, mutum ne ya yi musu mugunta, Allah kuma ya ƙi abin fiye da yadda ni da ita muka ƙi. Ta ce, "To suna ina yanzu?" Na ce suna wurin Yesu. Ta ce, "Mamansu fa?" Na ce tana kuka. Ta ce mu yi mata addu'a, muka yi. Ban tambaye ta ta haɗa da iyayen wanda ya yi harbin ba, ita ce ta haɗa da kanta.

Ga kiran magariba can, Hajiya maƙwabciyata za ta aiko da kunun shan ruwa yanzu, kullum sai ta zuba mana tunda aka kama azumi. Bari in wanke mata kwanonta na jiya, in kuma hura gawayi a dutsen guga, rigar makarantar yarinyar nan tana nan a yamutse. Gobe da kaina zan raka ta, sai na ga an rufe ƙofar bayan nan kafin in buɗe shago. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.