Amsoshin Tambayoyinku: Sabon layin jirgi ya zo, ina za a ci abinci?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau wasiƙun da suka taru a gabana kusan duk bakinsu ɗaya, maganar ci ce, cin ma a kusa da tashoshin jirgin ƙasan nan na cikin gari da ake kira metro. Ƴan shekarun nan birane da dama sun buɗe sabbin layuka, Landan ta buɗe layin Elizabeth a watan Mayun 2022 wanda yanzu yake da tasha 41, Riyadh kuma ta fara nata a Disambar 2024, layi 6, tasha 85, tsawon kilomita 176. Duk inda akayi irin wannan buɗi abin da ke biyo baya ɗaya ne, unguwar da a da sai ka ware mata wuni guda yanzu cikin ɗan lokaci ka isa, ka sauka ka fito ka tsaya kana waige-waige yunwa na cinka baka san inda zaka nufa ba.

Wasiƙar farko daga wani bawan Allah ma'aikaci, yace tunda aka buɗe sabon layi a garinsu yake sauka tasha-tasha yana neman inda zai mayar wajen cin abincin ranarsa, amma duk gidan abincin da ya shiga a bakin tasha kuɗi da yawa abinci kaɗan kuma ba wani daɗi, shin haka abin yake ko shi ne bai dace ba?

Toh Malam ba rashin dace bane, haka abin yake a mafi yawan wurare kuma akwai dalili. Shagon da ke daidai ƙofar fita shi ne mafi tsadar haya a duk unguwar, don kowa ya sauka dole ya wuce ta gabansa. Su kansu kamfanonin jirgi sun san da haka, kamfanin MTR na Hong Kong wani kaso mai tsoka na kuɗin shigarsa daga gidaje da hayar shaguna yake fitowa ba daga tikiti kaɗai ba. To wa zai iya biyan irin wannan haya? Sai manyan kamfanonin nan masu rassa ko'ina, ko wanda zai ɗora maka kuɗin hayar a kan farantinka. Kuma shi mai irin wannan shago baya buƙatar ka dawo, in ka tafi da fushi jirgi na gaba zai sauke masa wasu. Shi kuwa wanda yake can baya a lungu na biyu ko na uku ba jirgin da zai kawo masa mutum har ƙofa, da mutanen da suke dawowa kullum yake rayuwa, in yayi wasa da tukunyarsa ya rufe, shiyasa hannunsa yafi kyau.

Don haka shawarata ka taka ƙafa. A Japan masu tallan gidaje suna lissafin mita 80 a matsayin tafiyar minti ɗaya, kaga kenan mita 400 minti biyar ne kacal, masu tsara birane kuma sukan ɗauki kamar mita 800 a matsayin iyakar inda mutum zai yarda ya taka daga tasha. Tsakanin nan, daga minti biyar zuwa goma, nan zaka nema. Ka bar babban titi ka shiga na bayansa. Sannan ka tambayi waɗanda aikinsu ya ɗaure su a wurin, mai gadin tasha, masu shara, mai duba tikiti, su kullum sai sun ci a unguwar kuma da ɗan albashinsu suke ci, bazasu tura ka inda ake yanka mutane ba. Kada kace musu ina ne gidan abinci mai kyau, sai su nuna maka mai ƙyalƙyali don sun ganka baƙo, kace kai a ina kake ci. Matambayi ai baya ɓata.

Wani abu da mutane ke rainawa shi ne ƙofar fita. Babbar tasha ƙofofi gareta da yawa, ta Shinjuku a Tokyo ƙofofinta sun haura 200, in ka fita ta wadda ba ita ba sai ka tsinci kanka a ɗaya ɓangaren titin da ba a tsallakawa, ka ɓata rabin lokacin hutunka wajen zagaye. A Seoul da lambar ƙofa ake kwatance, ace maka tasha kaza ƙofa ta 3. Duk wanda zai maka kwatancen gidan abinci kace ya haɗa maka da ƙofa.

Sai ta biyu, wata baiwar Allah tace ita da waya take nema, tana buɗe Google Maps ta zaɓi mai taurari biyar, amma sau da yawa in taje sai taga ba haka ba.

Ƴar'uwa, taurarin nan suna da amfani amma ba a sabon wuri ba. Gidan abincin da aka buɗe sati biyu da suka wuce tare da tasha, wa ya bashi taurarin? Yawanci dangi ne da abokai da waɗanda aka gayyata ranar buɗewa suka ci kyauta, wani lokacin ma sayen yabon ake yi, abin yayi yawa har hukumar FTC ta Amurka mai kare haƙƙin masu saye ta fitar da doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi. Ni a wurina gidan da ke da tauraro huɗu daga ɗaruruwan mutane cikin shekaru yafi mai biyar cif daga mutum goma sha. Ki danna ki jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, ki karanta na masu tauraro biyu da uku don su ne suke faɗin gaskiya ba tare da fushi ko fadanci ba, in kika ga mutane daban-daban suna kuka da abu ɗaya, misali abinci na zuwa da sanyi, to ki yarda. Hotuna ma ki kalli wanda kwastoma ya ɗauka da wayarsa, ki bar na mai gida.

Kuma gani ya kori ji. Ki je da rana tsaka lokacin da ma'aikata ke fitowa ki ɗan tsaya daga nesa ki duba. In kinga mutane da katin aiki rataye a wuya sun yi layi, basa ko kallon menu suna shiga suna faɗin abin da suke so, mai zubawa ma kafin su buɗe baki ya ɗauko faranti, to kin samu. In kuwa kowane gida a layin ya cika shi kaɗai ne kujeru a wofi ma'aikatansa na danna waya, ruwa baya tsami banza.

Wasiƙa ta uku ita ce ta fi tsaya min a rai. Wani dattijo ne mai ƙaramin gidan abinci, yace shekara da shekaru ana aikin layin nan an toshe masa gaba da katanga da ƙura da ƙarar injina, ciniki ya mutu saura kaɗan ya rufe, yanzu an buɗe tasha titi biyu tsakaninsu amma fasinjoji basa isowa gunsa, ga mai gida yana maganar ƙarin haya. Yace me zai yi?

Baba, sannu da haƙuri, Allah ya kawo ciniki mai albarka. Abin da ya sameka ya sami da yawa. A New York layin Second Avenue an fara aikinsa a 2007 ba a buɗe ba sai 1 ga Janairun 2017, kusan shekara goma masu shaguna na zaune a bayan shinge saboda sabbin tashoshi uku. A Toronto aikin layin Eglinton da aka fara a 2011 ya durƙusar da shaguna da dama a unguwar da ake kira Little Jamaica. Abin da ke ɓata min rai a lamarin nan shi ne wanda ya shanye ƙurar ba shi ke cin moriyar ba, ana gama aiki haya ta tashi, sai wani mai jari ya zo ya zauna a inda wani ya sha wahala. Wannan ba adalci bane, kuma ya kamata hukumomin da ke irin waɗannan ayyuka su riƙa sa masu ƙananan sana'a a lissafi tun kafin a fara haƙa.

Amma ga abin da ke hannunka Baba. Ka sa ɗaya daga cikin yaranka ya saka gidan a taswirar waya, kyauta ne, da hoton ƙofar yadda mutum zai ganta in ya taho daga tasha, da lokacin buɗewa da rufewa na gaskiya, don ba abin da ke korar kwastoma har abada kamar waya tace a buɗe yake ya tako ya tarar da kwaɗo. A rubuta sunan tasha da lambar ƙofa da minti nawa ne a ƙafa. Sannan shi fasinja a gaggauce yake, ka ware kala ɗaya ko biyu da kafi ƙwarewa a kai waɗanda za a zuba a miƙa nan take, da mazubi mai murfi mai kyau ga wanda zai tafi da shi. Kada ganin sabbin maƙwabta ya sa ka cika menu da abin da ba hannunka bane. Ma'aikatan tashar kuma ka jawo su jiki, in suka saba da kai su ne zasu riƙa turo maka mutane ba ko sisi. Maganar haya kuwa in da hali ka nemi yarjejeniya a rubuce ta shekaru tun yanzu kafin farashin unguwar ya gama tashi, ka samu wanda ya san dokar haya ta wurinku ya duba maka kafin ka sa hannu. Ku kuma masu sauraro don Allah in kun sauka a sabuwar tasha ku nemi irin gidajen nan da suka riga jirgin zuwa, gidan da ya rayu cikin shekarun ƙura mutanen unguwa ne suka riƙe shi, kuma da abincin ba daɗi da basu riƙe ba.

Hajiya mai yara uku tana tambaya ta yaya zata gane wuri mai tsafta, don ɗan autanta cikinsa baya ɗaukar wasa.

Hajiya wasu ƙasashen sun sauƙaƙa abin. A Ingila da Wales da Ireland ta Arewa akwai makin tsafta daga 0 zuwa 5, a Wales da Ireland ta Arewa dole ne a manna shi a ƙofa, New York kuma tun 2010 take ba da A ko B ko C a liƙa a taga. Makin na tsafta ne fa, ba ruwansa da daɗi. Inda babu irin wannan sai ido. Ki kalli hannun mai zubawa, shi ne yake karɓar kuɗi ya juya ya taɓa abinci? Tsumman da ya goge tebur da shi, shi ya ɗauka ya goge faranti? Abincin da aka jera a gaba yana tururi ko ya kwanta har mai ya daskare a samansa? Hukumar Lafiya ta Duniya tace dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60 ko a firij ƙasa da digiri 5, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Shiyasa gidan da ake ciniki sosai yafi aminci, tukunya na ƙarewa ana ɗora wata. Ki leƙa wurin wanke hannu ma, in ba sabulu a inda kwastoma ke gani to kicin da baki gani ba fa? Ga yara ki zaɓi abin da za a dafa a gabanki ko a kawo shi da zafinsa.

Wani ɗalibi yace shi bashi da lokacin zama, zai iya saye ya ci a cikin jirgi? Ƙanina ka duba allon tasha tukuna. A Singapore ci da sha a jirgi ko cikin tasha tara ce da zata iya kaiwa dalar ƙasar 500, Dubai da Hong Kong da Washington duk sun hana, a Landan kuwa ba a hana ci ba. Ko inda aka yarda ma ka tausaya wa na kusa da kai, abu mai ƙamshi ko mai romo a cikin cunkoso takura ce, ka riƙe kayanka a rufe har ka sauka.

Ta ƙarshe a yau mutum biyu ne suka turo kusan iri ɗaya, ɗaya akwai abin da baya ci saboda addini, ɗaya kuma jikinta baya karɓar gyaɗa. Ku tambaya kafin ku zauna, kuma ku tambayi wanda ya san kicin, ba lallai yaron da ke ƙofa ya sani ba. A Tarayyar Turai tun Disambar 2014 dole gidan abinci ya iya faɗa maka ko akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 da aka san suna tayar wa wasu da ciwo, gyaɗa na ciki. Maganar halal kuma a Singapore hukumar MUIS ke ba da shaida, a Malesiya JAKIM, takardar ake nema a gani a bango da kwanan wata, rubutun da mai shago yayi da kansa a gilashi ba shaida bace. Ke mai matsalar gyaɗa ki ƙara da tambayar man da ake suya da shi da ko kasko ɗaya ake amfani da shi, in aka fara miki kame-kame ki tashi abinki, kuma kada ki bar maganinki a gida. In cin dare zaku fita ku duba lokacin jirgin ƙarshe na komawa tun kafin ku zauna, ba kowane gari bane kamar New York da Copenhagen da jirgi ke kwana yana aiki, a Tokyo ma da tsakar dare ake tsayawa.

Lokaci ya cimmana, sauran wasiƙun da suka shafi katin shiga jirgi da hawa da keken guragu mun ajiye su sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu. A huta lafiya.