Mastas ko PhD a jogirafin ɗan Adam: me ake yi a ciki ne wai?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar jogirafi za mu yi, wato labarin ƙasa, amma ba wanda aka sa mu haddace sunan koguna da duwatsu a sakandare ba. Akwai ɓangaren da ya shafi mutane, inda suka zauna, dalilin da ya sa suka zauna a nan ba can ba, wa ya yi ƙaura, wa ke da gona, me ya sa kasuwa ta ci a wannan mararrabar ta mutu a waccan. Shi ake kira jogirafin ɗan Adam, kuma mutane da yawa suna tambayata wai in mutum ya ce zai yi digiri na biyu ko na uku a kai, me zai zauna yana yi shekara da shekaru?

To bari in fara da misali. Ku dubi ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. Tun shekarun 1960 wani Bature ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a ABU Zariya daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya tsaya a kan tambaya guda ɗaya: mutane sun yi yawa a nan, gona ba a barinta ta huta, duk shekara ana nomanta, to ya aka yi ƙasar ba ta mutu ba? Amsar ba a ofis take ba. Sai da aka bi manoma aka ga taki, aka ga jakuna suna fitowa da shara da toka daga birni zuwa gonaki su koma da itace, aka ga yadda ake haɗa gero da wake a kunya ɗaya, harawa ta tafi wa dabbobi, kashin dabbobin ya dawo gona, ga ɗorawa da kuka an bar su tsaye ba a sare ba. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970 kuma ya riƙa komawa wani ƙauye, Dagaceri, a jihar Jigawa ta yanzu, sama da shekara goma yana bin yadda mutane ke tsira in damina ta gaza. Wannan shi ne aikin. Tambaya ƙarama, amma ka bi ta har gindinta.

Kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa wallahi. Ɗalibi zai zo ya ce zai yi bincike a kan "matsalar birane a Najeriya". Haba malam, wannan ai ko shekara talatin ba za ta ishe ka ba. Sufabaiza, wato malamin da ke duba bincikenka, zai mayar maka da takardar ya ce ka rage, ka sake ragewa, har sai ta koma kamar haka: ina 'yan garuwa na unguwa kaza suke ɗebo ruwa, nawa suke sayar da jarka da rani nawa da damina, kuma wane gida ne ya fi biya, na kusa da titi ko na cikin lungu? Ka ga wannan ana iya aunawa, ana iya zana taswirarsa.

Maganar shiga kuwa ba ta da tsawo. A Najeriya sai ka gama digirin farko da sakamako mai kyau, ka yi bautar ƙasa, ka nemi transkirif ɗinka, wato takardar da ke ɗauke da duka sakamakonka na jami'a, tun da wuri don shi kaɗai yana iya cin wata da watanni. In daga wani fannin ka fito, wasu jami'o'in za su ce ka fara yin PGD, wato difloma ta bayan digirin farko. Mastas akwai shiga aji na kamar shekara ɗaya sannan bincike, PhD kuwa aƙalla shekara uku a takarda, a zahiri kuma sau da yawa ya fi haka, ku tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Kuɗi kuma, in kana koyarwa a babbar makarantar gwamnati akwai TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, in waje kake hange akwai tallafin karatu na Commonwealth, amma mafi yawa da aljihunsu suke yi.

Sai fita fili. A nan za ka gane karatu daban, mutane daban. Ba ka shiga ƙauye da takardar tambayoyi kai tsaye, sai ka fara gaida mai gari ko dagaci, ka yi bayanin kanka, in ba haka ba za a ɗauka ko haraji ka zo ƙirgawa ko tallafi ka zo rabawa, duka biyun kuma za su ɓata maka amsa. Tambayi mutum shanunsa nawa ka ga yadda zai kalle ka. Tambayi faɗin gonarsa, ba zai ce maka hekta kaza ba, cewa zai yi tana ba da dami kaza, kai ne za ka san yadda za ka juya wannan. Kuma in kai namiji ne akwai gidajen da ba za ka shiga ba, dole ka nemi mace ta taya ka, in ba haka ba rabin labarin ka rubuta ka kira shi duka. Shi ya sa nake ganin 'yan uwa mata suna da babbar dama a wannan fannin, akwai ƙofofin da su kaɗai ake buɗe wa.

Kayan aiki yanzu sun yi sauƙi. QGIS, manhajar zana taswira, kyauta ne, ka sauke a kwamfutarka ka koyi zana taswira. Hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat tun 1972 ake ɗauka kuma kyauta ake samu, za ka iya jera hoton gari na da da na yanzu ka ga yadda gini ya cinye gonaki da kududdufai. Tambayoyi kuma a waya ake cikawa da manhajar KoboToolbox ko babu sabis. Matsalar ɗaya ce babba, ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya 2006 aka yi ta, to duk lissafin yawan mutanen unguwar da za ka yi hasashe ne, kuma ranar difens, wato ranar da za ka kare bincikenka a gaban malamai, sai an tambaye ka yadda ka yi shi, gara ka shirya amsa tun yanzu.

Wasu za su ce to in an gama sai koyarwa kawai? A'a, akwai hukumomin tsara birane da na filaye, akwai hukumar ƙidaya, akwai ƙungiyoyin agaji masu neman wanda ya iya taswira. Marigayi Farfesa Akin Mabogunje na Jami'ar Ibadan ɗan wannan fannin ne, birane ya nazarta, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin farko na tsara Abuja.

A bidiyo na gaba zan buɗe QGIS a gabanku mu ɗora hoton Kano na 1980 da wani abu a kan na bana, mu ga inda garin ya tsaya a da. Ku tanadi data.